Eugen Goldstein (1850–1930): Bajamushen da ya raɗa wa haskokin katod suna, ya kuma gano haskokin kanal

Eugen Goldstein masanin kimiyyar fizik ne ɗan ƙasar Jamus. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana nazarin abu guda, wato abin da ke faruwa idan aka tura wutar lantarki cikin bututun gilashin da aka zuƙe kusan dukkan iskar da ke cikinsa. An haife shi ranar 5 ga Satumba 1850 a garin Gleiwitz, ya rasu ranar 25 ga Disamba 1930 a Berlin.

Abu biyu suka fi ɗaukaka sunansa. A shekarar 1876 shi ne ya raɗa wa haskokin da ke fita daga katod sunan da aka san su da shi har yau, Kathodenstrahlen da Jamusanci, abin da ɗalibai a makarantun Faransanci ke karantawa da rayons cathodiques. Bayan shekara goma, a 1886, ya gano wasu haskoki na dabam masu tafiya ta kishiyar hanya, ya kira su Kanalstrahlen, wato rayons canaux, haskokin kanal. Binciken haskoki na farko ne ya kai masana ga gano elektron. Binciken na biyu kuma ya kai su ga auna nauyin ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Goldstein kansa bai kai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan sakamako biyu ba, kuma fassarar da ya yi wa abin da ya gani ba ta tsaya ba. Amma abin da ya gani ɗin, da yadda ya siffanta shi, bai taɓa rushewa ba.

Asali da karatu

Gleiwitz gari ne a yankin Silesiya ta Sama, wanda a lokacin yake ƙarƙashin masarautar Purushiya. Yau garin yana cikin ƙasar Polan, ana kiransa Gliwice. Iyayen Goldstein Yahudawa ne. Ya fara karatun jami'a a Breslau, wadda ita ma yanzu take Polan da sunan Wrocław, a shekarar 1869, amma bai daɗe ba ya koma Berlin.

Ya zo a kan gaba. A 1871, shekarar da aka haɗe ƙasashen Jamusawa suka zama daula ɗaya, Hermann von Helmholtz ya karɓi kujerar fizik a Jami'ar Berlin. Helmholtz na cikin manyan masana kimiyya na zamaninsa, kuma ɗakin gwajinsa ya zama matattarar matasa masu ƙwazo. A nan Goldstein ya fara aiki da bututun gilashi, a ƙarƙashin Helmholtz kuma ya sami digirinsa na dakta. A nan ne kuma ya san Heinrich Hertz, wanda daga baya ya tabbatar da wanzuwar igiyoyin da rediyo ke aiki da su.

Bututun da abin da ake gani a cikinsa

Ba za a fahimci aikin Goldstein ba sai an san kayan aikinsa. Bututu ne na gilashi, a toshe ta ko'ina, an dasa ƙarfe biyu a cikinsa, kowanne da wayarsa da ta fito waje. Ƙarfen da aka haɗa da ɓangaren lantarki mai alamar ɗebewa (−) shi ne katod, wanda aka haɗa da mai alamar tarawa (+) shi ne anod, kamar dai alamomin nan biyu da ke jikin batir. Michael Faraday na Ingila ne ya shigo da waɗannan sunaye cikin kimiyya a 1834.

Iskar da muke shaƙa ba ta barin lantarki ya ratsa ta cikin sauƙi, sai dai ya yi tsalle da tartsatsi, kamar walƙiya. Amma idan aka rage iskar cikin bututun sosai, sannan aka ba shi lantarki mai ƙarfi, sai ragowar iskar ta kama haske shiru, ba ƙara. Launin hasken ya danganta da irin gas ɗin da ke ciki. Fitilun talla na neon jikokin wannan bututu ne.

Matsalar farko ita ce zuƙe iskar. A 1855 wani gwanin hura gilashi a Bonn, Heinrich Geissler, ya ƙera famfo mai aiki da zaiba wanda ya fi na da ƙarfin zuƙa nesa ba kusa ba. Da bututun Geissler ne Julius Plücker, malami a Jami'ar Bonn, ya lura a 1858 cewa idan iskar ta ragu ƙwarai, jikin gilashin kansa yana yin wani haske kore-kore, kuma idan aka kusanto da maganaɗisu hasken yana matsawa. Ɗalibinsa Johann Wilhelm Hittorf ya ƙara taki ɗaya a 1869: ya sa wani abu a gaban katod, sai ga inuwarsa a jikin gilashin. Inuwa ba ta samuwa sai da abin da ke tafiya a miƙe. Ke nan akwai wani abu da ido ba ya gani, yana fita daga katod, yana tafiya a miƙe, kuma sai ya daki gilashi ne ake ganin alamarsa.

A nan Goldstein ya tarar da magana.

1876: haskokin katod

Goldstein mutum ne mai haƙurin maimaita gwaji. Ya riƙa sauya siffar katod, yana sauya ƙarfen da aka yi shi da shi, yana sauya gas ɗin cikin bututun, yana rubuta abin da ya canja da abin da bai canja ba. Daga wannan aiki ya fitar da abubuwan da suka zama harsashin duk binciken da ya biyo baya.

Mafi muhimmanci shi ne yadda haskokin ke barin katod. Fitila ko garwashi suna watsa haske ta kowace fuska, shi ya sa idan fitila tana da faɗi, inuwar ƙaramin abu a gabanta takan yi dishi-dishi ko ta ɓace. Goldstein ya nuna cewa ko da katod ɗin faffaɗa ne, inuwar ƙaramin abu tana fitowa tsaf da gefunanta. Dalili shi ne kowane wuri a fuskar katod yana harba nasa hasken kai tsaye gabansa ne kawai, ba ya watsawa gefe. Daga nan wani abu ya biyo: idan aka lanƙwasa katod ya yi zurfi kamar ƙoƙo, haskokin za su haɗu a wuri guda. Wannan dabara ta tattara haskoki da katod mai zurfi ta yi amfani ƙwarai daga baya a bututun ɗaukar hoton ƙashi na farko-farko.

Ya kuma nuna cewa halin haskokin bai damu da irin ƙarfen katod ba. Sannan ya lura cewa idan aka sa katod biyu kusa da juna, haskokin ɗaya suna kaucewa idan sun zo wucewa ta kusa da ɗayan, kamar ana ture su. Wannan alama ce babba, domin abin da cajin ɗebewa ke turewa shi ma cajin ɗebewa yake ɗauke da shi. Goldstein ya ga alamar, ya rubuta ta daidai, amma bai karanta ta haka ba.

Igiya ce ko ƙwaya?

Kusan shekara ashirin masana suka yi suna gardama kan ko mene ne waɗannan haskoki, kuma gardamar ta ɗauki kamannin ƙasa da ƙasa. A Ingila, William Crookes ya ce ƙwayoyi ne. A ganinsa ƙwayoyin gas ɗin cikin bututun ne ke taɓa katod, su ɗauki caji, sai a harbo su da ƙarfi. A Jamus kuwa yawancin masana, da Goldstein a sahun gaba, sun ce wani nau'in igiya ne, dangin haske, mai tafiya cikin eter, wato wani abu marar nauyi da masanan wancan zamani suka ɗauka ya cika sararin duniya.

Kada a ɗauka taurin kai ne kawai. Goldstein yana da hujjoji, kuma hujjojin gwaji ne. Na farko: ƙwayar gas a cikin irin wannan bututu ba ta yin tafiyar da ta kai santimita ɗaya ba tare da ta yi karo da wata ba, amma shi ya nuna haskokin katod suna tafiyar kusan mita guda a miƙe ba su watse ba. Yaya ƙwayar gas za ta yi wannan?

Hujja ta biyu ta fi daɗi, kuma za ta sake dawowa cikin labarinsa. Kowa ya san yadda hon ɗin babbar mota ke yin tsini idan tana tahowa, ya yi kauri idan ta wuce. Masana na kiran wannan da tasirin Doppler, kuma haske ma yana yin haka: idan abin da ke ba da haske yana gudu zuwa wajen mai kallo, launinsa yana ɗan gusawa. Goldstein ya ce, in dai ƙwayoyin Crookes ne ke gudu suna ba da haske, dole a ga wannan gusawa. Ya yi bututu mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu domin ya kalli hasken ta gaba da kuma ta gefe, ya kwatanta. Bai ga bambancin komai ba.

Hertz ya ƙara wa ɓangaren Jamus ƙarfi. A 1883 ya gwada karkatar da haskokin da faranti biyu masu caji, ba su karkata ba. A 1892 ya nuna suna ratsa siririn ƙarfe kamar yadda haske ke ratsa gilashi, kuma mataimakinsa Philipp Lenard ya yi amfani da wannan ya fito da su waje ta wata ƴar taga ta alminiyom.

Sai al'amari ya juya. A 1895 Jean Perrin a Faransa ya tara haskokin cikin wani ƙaramin gwangwanin ƙarfe, ya nuna suna ɗauke da cajin ɗebewa. A 1897 J. J. Thomson a Kambirij ya zuƙe iskar bututunsa fiye da yadda Hertz ya iya, sai ga haskokin sun karkata tsakanin faranti masu caji. Ashe ragowar gas ce ta ɓata gwajin Hertz. Thomson ya auna, ya samu cewa ƙwayoyi ne, amma sun fi ƙwayar zarra mafi sauƙi, ta haidrojin, rashin nauyi sau fiye da dubu. Su ne elektron.

Idan aka duba da adalci, Goldstein ya yi gaskiya a abin da ya ƙaryata. Haskokin katod ba ƙwayoyin gas ba ne kamar yadda Crookes ya ce. Suna yin doguwar tafiya, suna ratsa siririn ƙarfe, saboda ƙanƙantarsu da saurinsu. Launin hasken bai gusa ba saboda ba elektron masu gudun ne ke ba da shi ba, ƙwayoyin gas da suka daka a hanya ne, su kuwa kusan a tsaye suke. Kuskurensa shi ne ɗaukar cewa zaɓi biyu ne kawai, ko ƙwayar gas ko igiya. Bai kawo a ransa akwai abin da ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta ba, kuma kafin 1897 ƙalilan ne suka kawo.

A cikin waɗannan shekaru ne bututun ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga rayuwar mutane. Ranar 8 ga Nuwamba 1895, a Würzburg, Wilhelm Conrad Röntgen yana gwaji da haskokin katod ya gano hasken X, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji da shi a asibiti. A 1897 Ferdinand Braun ya ƙera bututun da ake juya haskokin katod su yi zane a kan allo. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, da allon kwamfuta na da, daga nan suka samo asali.

1886: haskokin kanal

Babban abin da Goldstein ya gano shi kaɗai ya zo ne tun gardamar tana tsaka. Masu bincike sun saba kallon abin da ke gaban katod, tsakaninsa da anod. Shi sai ya kafa katod ɗin a tsakiyar bututu ya raba shi gida biyu, ya huda ƴan ramuka a jikinsa, ya duba bayansa.

Daga kowane rami sai ga wani siririn haske ya fito a miƙe, yana tafiya baya, wato kishiyar hanyar da haskokin katod ke bi. Launinsa ma dabam ne: idan iska ce a bututun yakan yi rawaya-rawaya, idan haidrojin ne ya yi ja-ja mai haske. Da yake ta ramukan nan suke bi, waɗanda ya kira kanal, sai ya sa musu suna haskokin kanal. Ya gabatar da binciken ga Cibiyar Kimiyya ta Berlin a 1886.

Ya gwada su da maganaɗisu. Maganaɗisun da ke lanƙwasa haskokin katod cikin sauƙi bai motsa waɗannan ba ko kaɗan, iya ganin idonsa. Don haka bai iya cewa ga abin da suke ba, kuma takardar ta kwanta shekara da shekaru ba wanda ya kula da ita sosai. Sai a 1898 aka sake buga ta a mujallar Annalen der Physik, lokacin da gano hasken X da elektron ya sa kowa ya dawo kan bututun.

Yau bayanin ba shi da wuya. Elektron da ke fita daga katod suna karo da ƙwayoyin gas, suna fizge musu nasu elektron. Ƙwayar da ta rasa elektron ta koma mai cajin tarawa, ita ake kira iyon. Katod, da yake cajinsa na ɗebewa ne, sai ya jawo ta da gudu. Yawancinsu suna faɗawa kan ƙarfen katod, kuma wannan dukan ne ke ƙara fitar da sababbin elektron, wutar ta ci gaba. Waɗanda suka yi daidai da rami kuwa sai su zarce su fita ta baya. Abin da Goldstein ya gani ke nan. Maganaɗisunsa bai karkatar da su ba saboda nauyi: iyon mafi sauƙi, na haidrojin, ya fi elektron nauyi kusan sau 1836, sauran kuma sun fi haka nesa.

Waɗanda suka ɗora a kai

A 1898 Wilhelm Wien ya yi amfani da maganaɗisu mai ƙarfin gaske da kuma faranti masu caji, ya karkatar da haskokin kanal. Ya nuna cajinsu na tarawa ne, kuma nauyinsu irin na ƙwayoyin zarra ne, ba irin na elektron ba.

A 1905 Johannes Stark ya yi wa haskokin kanal irin gwajin Doppler ɗin nan da Goldstein ya taɓa yi wa haskokin katod bai ga komai ba. Wannan karo launin ya gusa, domin a nan ƙwayoyin da ke gudu su ne da kansu ke ba da hasken. Tunanin gwajin daidai ne tun farko, haskokin da aka yi wa shi ne ba su dace ba. Kyautar Nobel ta fizik ta 1919 da aka ba Stark ta ambaci wannan bincike a kan haskokin kanal ƙarara, tare da wani bincikensa na rabuwar layukan haske a cikin filin lantarki.

Thomson ma ya juyo kansu, yana kiransu haskoki masu cajin tarawa. Ya ƙera na'urar da ke rarraba su gwargwadon nauyi, kowane nau'i ya bar tabonsa a wuri dabam a kan farantin hoto. Da ya sa gas ɗin neon, sai ya ga tabo biyu maimakon ɗaya, na nauyi 20 da na nauyi 22, ya bayyana haka a 1913. Mataimakinsa Francis Aston ya gyara na'urar bayan yaƙin duniya na ɗaya, a 1919 ya tabbatar cewa neon ɗin ne kansa ke da ƙwayoyi iri biyu, halinsu ɗaya amma nauyinsu ya bambanta. Irin waɗannan ake kira isotop. Aston ya sami Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1922.

Zuriyar wannan na'ura, wadda Faransawa ke kira spectromètre de masse, tana ko'ina yanzu: da ita ake gano guba a abinci ko ruwa, da ita ake kama ƴan wasan da suka sha ƙwayoyin ƙara kuzari, da ita ake ƙiyasta shekarun duwatsu. Da irinta ne Arthur Dempster ya gano yuraniyom 235 a Shikago a 1935. Wannan isotop bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari na yuraniyom da ake haƙowa a ƙasa ba, har da na Arlit a Nijar, amma shi ne man da yawancin tashoshin nukiliya ke ƙonawa.

Shin Goldstein ne ya gano proton?

Littattafan makaranta da dama, da shafukan intanet masu kwafar juna, suna cewa Goldstein ya gano proton a 1886. Ɗalibin da ya tarar da wannan a takardar jarrabawa ya san abin da ake so ya rubuta, amma maganar ba daidai take ba.

Gaskiyar da ke cikinta ita ce: idan haidrojin ne a bututun, wasu daga cikin ƙwayoyin haskokin kanal ƙwayoyin haidrojin ne da suka rasa elektron ɗinsu guda, wato proton tsirara. Ta wannan fuska ana iya cewa proton sun wuce ta gaban idon Goldstein. Amma haskokin kanal ba abu ɗaya ba ne kamar haskokin katod. Elektron iri ɗaya ne ko wane gas aka sa, su kuwa haskokin kanal suna sauyawa da sauyawar gas, kuma ko a gas ɗaya gauraye suke. Goldstein bai auna cajinsu ba, bai auna nauyinsu ba, bai ma ce ƙwayoyi ne ba. Wien ne ya yi awon farko. Ernest Rutherford ne kuma, a gwajin da ya buga a 1919, ya harbi naitrojin da ƙwayoyin alfa ya ga cibiyar haidrojin ta fito daga ciki, abin da ya nuna ita tubali ce a cikin cibiyar sauran ƙwayoyin zarra. Sunan proton ya biyo baya a 1920. Abin da ya dace a ce game da Goldstein shi ne ya gano haskokin da aka fara nazarin iyon masu cajin tarawa da su, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Gidan nazarin taurari da sauran ayyukansa

Goldstein bai taɓa riƙe kujerar farfesa mai cikakken iko a wata jami'a ba. Aikinsa ya rataya ne a gidan nazarin taurari na Berlin, wanda Wilhelm Foerster ke shugabanta. Zai iya zama abin mamaki a ga mai bututun gilashi cikin masu duban sama, amma Foerster yana da dalilinsa. Ana zaton wasu abubuwan da ake gani a sama na da alaƙa da lantarki, kuma sararin samaniya, da yake kusan babu iska a cikinsa, ya yi kama da babban bututun da aka zuƙe. Goldstein ya yi ƙoƙarin kwaikwayon wutsiyar tauraro mai wutsiya a cikin bututunsa, yana neman dalilin da ya sa kullum take juya wa rana baya. Yana kuma cikin waɗanda suka fara kawo shawarar cewa rana na iya harbo haskoki irin na katod zuwa duniya. Kristian Birkeland na Norwe ya bi irin wannan tunani da nisa wajen bayanin hasken nan mai launi da ke bayyana da dare a samaniyar ƙasashen can arewacin duniya. Yau an san rana tana fitar da iskar ƙwayoyi masu caji, kuma ita ce ke tura wani sashe na wutsiyar irin wannan tauraro.

Ya kuma yi aiki da Urania, wata cibiyar wayar da kan jama'a kan kimiyya da aka kafa a Berlin a 1888, da Foerster cikin waɗanda suka kafa ta. A sashen fizik na cibiyar, Goldstein ya shirya gwaje-gwajen da baƙo zai taɓa da hannunsa ya ga sakamako, maimakon ya tsaya yana kallon kaya a bayan gilashi. A wancan lokaci wannan sabon abu ne.

Wasu bincikensa biyu sun cancanci ambato. A tsakiyar shekarun 1890 ya lura cewa idan haskokin katod suka daki gishiri da danginsa, farin gishirin yakan sauya launi, kuma launin ya gushe idan aka ɗumama shi. Sai bayan shekaru da yawa aka gane cewa elektron ne ke maƙalewa a guraben da suka samu cikin tsarin ƙwayoyin gishirin, kuma wannan ya zama babi guda a kimiyyar daskararrun abubuwa. A 1913 kuma, yana da shekara sittin da ƴan kai, ya ga wasu layukan haske a gas ɗin heliyom waɗanda daga baya aka tabbatar na ƙwayoyin heliyom biyu ne da suka haɗu na ɗan lokaci. W. E. Curtis a Ingila ya ga irinsu a shekarar, kowannensu ba da sanin ɗan'uwansa ba.

Karramawa da ƙarshen rayuwa

A 1908 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar Hughes saboda bincikensa kan wucewar lantarki cikin gas maras yawa. Kyautar Nobel kuwa ba ta zo masa ba, ko da yake ta zagaye shi ta ko'ina: Röntgen a 1901, Lenard a 1905 saboda aikinsa kan haskokin katod, Thomson a 1906, Stark a 1919, Aston a 1922. Masu ba da kyautar sun fi karkata ga wanda ya auna ya fassara, shi kuwa Goldstein ƙarfinsa a gani da siffantawa yake, ba ya yawan shiga lissafi.

Ya rasu yana da shekara 80, aka binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Weissensee a Berlin. Shekara biyu da wata guda bayan rasuwarsa, a Janairun 1933, Hitler ya hau mulki. Lenard da Stark, waɗanda kyaututtukansu na Nobel suka tsaya a kan haskokin da Goldstein ya raɗa wa suna da waɗanda ya gano, su ne suka jagoranci yunƙurin da aka kira "fizik na Jamusawa", mai neman kawar da Yahudawa da ayyukansu daga kimiyyar ƙasar. A 1933 aka naɗa Stark shugaban babbar cibiyar awo da gwaje-gwaje ta daular Jamus da ke Berlin. Matar da Goldstein ya bari ta rasu a 1943 a Theresienstadt, sansanin da ƴan Nazi suka tsare Yahudawa a ƙasar Cek ta yanzu.